Rabin Fure a Kan Tudu

Babana ya rasu a watan Maris, muka binne shi a kan tudun yashin da ke tsakanin gidanmu da teku. Nan ne makwancin danginmu tun da ruwa ya cinye tsohuwar maƙabarta. Tudun bai fi tsayin mutum biyu ba, amma shi yake tare mana iska da gishiri. Bayansa gidaje ne, sai titi, sai gonakin albasa, sai tafki. Garin ke nan gaba ɗaya.

Rabin fure ne ya lulluɓe tudun. Haka muke kiransa a gida, don furensa fari ne ɗan ƙarami, kuma duk ya karkata gefe ɗaya kamar an sa wuƙa an yanke rabinsa. Shukar ba ta wuce ƙugun mutum. Ganyen kauri gare shi, in ka matsa sai ruwa. 'Ya'yan baƙaƙe ne, ba a ci, sai dai su ɓata maka riga. Ba ya itacen girki. Akuya ma sai ta rasa komai take waiwayarsa.

Babana kaɗai ya damu da shi. Sunansa Fiagbe, sana'arsa ɗinkin taru. Duk sanda zai haura tudun zuwa bakin ruwa sai ya taka reshe ɗaya ya kwantar da shi, ya tura yashi da ƙafa ya rufe tsakiyarsa, ya bar kan a waje. Bayan wata biyu reshen ya yi saiwa. Iska ta ɗebo yashi daga bakin teku, yashin ya maƙale a ganye ya binne shukar, shukar ta sake leƙowa sama. Da haka tudun yake hawa. Ya ce lokacin da yake saurayi a ƙirjinsa tudun ya tsaya.

Masu jan taru suna tsokanarsa. "Efo Fiagbe, yaushe za a yi girbi? A kira mu gayya."

Shi dai yana tafiya yana tura yashi.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata rana da hantsi ina shafa masa mai a ƙafa, ya ce, "Senanu, in kun kai ni can, ka bar min shi a kaina."

Na ce, "To, Papa."

Ban tambaye shi me yake nufi ba. Na sani.

Na gama sakandare shekara biyu kafin nan. Takardar tana cikin akwatin uwata. Da safe ina jan taru a ba ni rabona na kifi, da yamma ina zaune. Bayan rasuwarsa sai na ɗauki ɗabi'arsa ba tare da na yi niyya ba, ƙafata ce kawai take yi. Cikin shekara guda rabin fure ya rufe kabarin ruf, gicciyen katakon ma sai ka sunkuya za ka gan shi.

Saura mako uku a cika shekara Toga Gameli ya iso daga Tema. Yayan babana ne, shi ne babban gida, yana da shagon kayan gini a can. Ya zo shirya bikin buɗe dutsen kabari da fitar da uwata daga takaba. Tasi Lebene, ƙanwarsu, tana biye da shi. A garin take, ƙyafe kifi take yi, amma ba ta taɓa hawa tudun ba tun ranar jana'iza saboda gwiwa. Ranar ta hau.

Toga ya tsaya yana haki, takalminsa cike da yashi. Ya duba hagu, ya duba dama.

"Ina kabarin?"

"Ga shi nan gabanka, Toga."

Ya kalli ganyen, ya kalle ni. Tasi ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo ni Lebene! Ɗan'uwana ya haihu kuwa? Ku gaya min, Fiagbe ya bar ɗa a duniya?"

A wajenmu kabarin da ciyawa ta rufe na wanda bai bar baya ba ne. Ko tsakar gida yashi fes ake so, a share tun asuba har sawun tsintsiya ya fito. Gidan da kore ya tsiro a bakin ƙofarsa gidan malalata ne da macizai. Kuma kafin a buɗe dutse, ɗan fari namiji ne yake fara sara da hannunsa. In bai fara ba, ba mai taɓawa.

Na ce, "Shi ya ce a bar masa."

"Wa ya ji?" in ji Tasi.

"Ni."

"Kai kaɗai. To madalla." Ta nuna yamma da haɓa. "Ka ga can?"

Taku arba'in daga inda muke, a ƙarshen tudun, kabarin Dotse ne. Wani tsoho ne da ya zo garin da ƙafa tun kafin a haife ni, ya ja taru har ya mutu, ba mata ba ɗa. Masu taru ne suka yi karo-karo suka binne shi. Rabin fure ya hau kansa ya yi duhu, ba ko alama.

"So kake baƙi su zo daga Tema da Lome su kasa bambance ubanka da Dotse?"

"Tasi, shi yake riƙe da yashin. In aka cire shi tudun ba zai tsaya ba."

Toga ya yi dariya har da buga cinya. "Ciyawa ce ke riƙe ƙasa? Kai, Lebene, kin ji injiniyan taru? Yaro, buhun siminti talatin zan kawo, da rodi, da tayil fari daga shagona. Shekara talatin ina sayar wa masu gina bene. Ka gama sakandare ka zo kana koya min abin da ke riƙe ƙasa?"

"Ba gini ba ne, Toga. Yashi ne."

"Ubanka mutumin kirki ne, amma kowa ya san kansa da ɗan motsi a kan ciyawar nan. Mun ƙyale shi yana raye. Yanzu sunan gida ne a kai, ba nasa kaɗai ba. Asabar ka wasa adda."

Na ce ba zan sara ba. Na sauka na bar su a sama.

Da la'asar Tasi ta shigo tsakar gidanmu. Uwata tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince wake, cikin baƙin zanen da ta yi shekara tana ɗaurawa. Ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa biki, ba ta ɗaga murya. Dangin miji ne suke cire wa mace baƙin, kuma a gidanmu hannun Tasi ne zai yi.

Tasi ba ta zauna ba. "Adzovi, ɗanki ya ce uwarsa ta fi son mijinta a cikin daji."

"Ban ce haka ba," na ce.

"Ba da kai nake ba. Adzovi, ni dai ba zan taɓa zanen nan ba sai an share wa ɗan'uwana makwanci. Ki ɗaura shi shekara goma in kina so. Kuma mutane za su tambaya, matar da take ɓoye kabarin mijinta, me take ɓoyewa?"

Ta fita. Uwata ta ci gaba da tsintar wake.

"Dada, kin san abin da ya ce min."

"Na sani. Ni ma ya gaya min, ba sau ɗaya ba."

"To?"

Ta hure ƙaiƙayi daga tafin hannunta. "Ka yi yadda ka gani, Senanu." Can ta ƙara, a hankali, "Na gaji da baƙi."

Asabar na wasa adda.

Sara na farko reshen ya yanke kamar kubewa, ruwa ya fantsar min a fuska. Tasi ta rangaɗa guɗa. Daga nan samarin dangi suka shiga da adduna da shebur. Na ɗauka kabarin kaɗai za a share. Toga ya ce a'a, rumfa huɗu za a kafa a sama, baƙi su zauna suna kallon teku, mai ɗaukar hoto ma ya samu fili. Taku talatin gabas, taku talatin yamma, da gangaren da ke fuskantar ruwa duka. Kuma kada a sare kawai, a tumɓuke, don kada ya dawo.

Saiwar ce ta ba mu wahala. Ka kama ɗaya ka ja, sai ta bi ƙarƙashin yashi kamar igiyar taru, ta fito a wani wuri taku biyar. Wata ta nutse ƙasa fiye da tsayina. Duk wadda muka zaro sai yashin wurin ya zube ya bi sawunta. Na gane wasu rassan, ni na kwantar da su da ƙafata. Waɗanda suka fi kauri nasa ne.

Muka yi kwana uku. Aka tara tulin a bakin ruwa aka cinna wuta, ya ƙi ci, sai hayaƙi fari mai ɗaci. Aka bar shi nan teku ya kwashe. Mata suka hau da tsintsiya suka share.

Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Yashi fari tas daga nan har can, ba ko tsinke. Magina suka zuba kankare, suka jera tayil, suka kafa dutse da hoton babana a jiki, wanda ya ɗauka ranar aurensu da rigar aro.

Ranar bikin garin ya cika. Masu bushe-bushe suka zo daga coci, masu ganga suka kafa nasu a ƙasa. An tuƙa tuwon akple a manyan tukwane, an soya kifi, an sha giyar akpeteshi har wasu suka kwanta a gindin kwakwa. Fasto ya yi addu'a, Toga ya yaye farin ƙyallen da ke kan dutsen, aka yi tafi. Uwata ta fito cikin farin zane, kanta a aske, tana dariya. Na manta yadda haƙoranta suke.

Wani tsoho daga masu taru ya dafa kafaɗata. "Fiagbe ya haihu," ya ce. "Dubi wuri kamar kabarin minista."

Na ji daɗin maganar. Har yau wannan ne ba na iya haɗiyewa.

Baƙi suka watse, aka kwashe rumfuna. Iska ta fara aikinta tun a makon. Da can tana zuwa ta ajiye yashi a kan tudun, yanzu ɗiba take yi. Yashi a cikin tuwo, yashi a cikin randa, yashi a kan tabarma. Uwata tana shara sau uku a rana. Maƙwabcinmu ya daina gaishe ni.

Na je wajen kabarin Dotse na yanko rassa na dasa a gangaren. Da safe na dasa, da yamma iska ta tone su, na tarar da su a kwance sun bushe. Na sake. Na kafa musu ganyen kwakwa ya tare iska, ta tafi da ganyen. Shukar tana son ta miƙe daga jikin uwarta, tana riƙe da wani abu kafin ta kama wani. Na bar mata fili ba abin riƙewa. Cikin arba'in da na dasa uku ne suka yi ganye.

Da damina ta kama teku ya fara kumbura. Duk shekara yana yi, yana zuwa ya lashi gindin tudun ya koma. Bana da ya lasa sai ya tafi da abin da ya lasa. A tsakiyar Yuni gindin kankaren ya bayyana ta wajen ruwa, har rodi ana gani.

Na kira Toga a waya.

"Toga, a zo a ɗauke shi. A mayar da shi sabuwar maƙabarta ta bakin titi."

"A ɗauke wa?"

"Papa. Ruwa ya kusa."

"Wata uku da buɗe dutse? Ka san abin da aka kashe a wurin nan? Ka san me mutane za su ce?"

"Kankaren yana rataye, Toga."

"Kankare na ne, na san abin da na zuba. Ku cika buhuna da yashi ku jera. Ka turo min hoto."

Ba a tono mamaci sai babban gida ya tsaya a kansa, ya zuba giya a ƙasa, ya kira shi da sunansa ya gaya masa za a tashe shi da inda za a kai shi. Kafin nan ba mai sa shebur, ko ɗansa. Na je wa masu taru, suka ce suna nan a shirye, mutum ashirin, amma sai Gameli ya zo. Na je wa Tasi. Ta ce ita mace ce, kuma gwiwarta.

Ni da uwata muka cika buhunan shinkafa sittin muka jera. Ruwa ya kwashe su cikin kwana biyu, yana wasa da su kamar matasan kai. Na tura hoto. Toga ya ce zai zo ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya ce kaya sun iso masa tashar jirgi, sai mako mai zuwa.

Wata safiya na ɗauki shebur da guduma ni kaɗai. Uwata ta tare ƙofa.

"In ka tashe shi ba a gaya masa ba, ina zai nufa? Kanka zai dawo."

"Dada, ruwa ma ba zai gaya masa ba."

"Ruwa ba ɗansa ba ne."

Na ajiye. Ko da na je ma, kankaren Toga ba abin da guduma ɗaya za ta fasa ba ne. A nan dai bai yi ƙarya ba.

Lahadi ta biyu a Yuli, mutane suna coci, ina tsaye a kan tudun. Ba hadari, ba ruwan sama, rana ma ta fito. Tekun ne kawai ya cika ya ƙi komawa. Igiyar ruwa ta zo ta bugi gindin, bangon yashi ya tsage ya faɗi. Wata ta zo. Na tsaya ina ƙirgawa har na daina. Kafin a taso daga coci labari ya kai, mutane suka fito da kayan Lahadi suka jeru a baya.

Wajen azahar kankaren ya karkata. Ya tsaya haka kamar yana shawara, sannan ya zame gaba ɗaya ya kwanta a gangaren, ko tayil ɗaya bai ɓalle ba. A bangon yashin da ya bari sai ga kan akwatin gawarsa ya leƙo, kamar aljihun tebur da aka ɗan jawo.

Na yi tsalle zan sauka. Mutum uku suka danne ni, ɗaya ya zauna a bayana. Bakina cike da yashi ina kallo. Igiya ta zo ta jawo shi rabi. Ta bayanta ta ɗauke shi. Ya yi iyo kaɗan, ya juya, ban sake ganinsa ba.

Ta gurbin da ya buɗe ruwa ya bi ya shiga gari. Ya rushe mana madafa, ya shiga gida huɗu, ya tsallaka titi ya kwanta a gonakin albasa. Mun bi bakin teku kwana uku, gabas da yamma. Katako biyu muka samu, ban ma tabbata nasa ba ne.

Toga ya iso Laraba da kwalbar giya. Ya hau abin da ya rage na tudun, Tasi tana riƙe da hannunsa. Ruwa ya janye, dutsen yana kwance a ƙasa fuskarsa sama, hoton babana yana kallon gajimare. Toga ya zuba giya ya kira sunansa sau uku. Sannan ya juyo ga mutane.

"Ikon Allah ne. Ɗan teku ne, teku ya karɓi abinsa."

"Ɗinkin taru yake yi, Toga," na ce. "Ba ya shiga jirgi. Amai yake yi."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Tasi ta harare ni.

"Ko ba komai duniya ta ga an girmama shi," ta ce. "Hotunan suna nan."

Toga ya share hannunsa da hankici, idonsa ya bi tudun zuwa yamma. Inda addunanmu suka tsaya, nan ruwa ya tsaya. Daga nan zuwa ƙarshe tudun yana nan yadda yake, har ya ƙara tudu da yashin da iska ta kwaso daga wajenmu. Rabin fure ya yi kore shar, fararen furanni a kai.

"Wancan kuma fa?" in ji Toga. "Dubi ƙazanta. Ba mai share shi ne?"

"Na Dotse ne," Tasi ta ce. "Wa gare shi?"

Ya girgiza kai. "Allah sarki."

Kashegari aka yi ɗan akwati tsawon hannu. Aka zuba yashi daga inda kabarin yake, aka sa allurar ɗinkin tarunsa da hularsa. Aka binne a sabuwar maƙabarta ta bakin titi, Toga ya sake kawo tayil. Kafin ya shiga mota ya kira ni gefe.

"Senanu, wannan karon kada in zo in tarar da daji."

Na ce, "To, Toga."

Duk Asabar ina zuwa da tsintsiya. Ƙasar wurin laka ce mai gishiri, ba abin da ke tsirowa, minti goma na gama. Daga nan sai in bi ta bakin ruwa in dawo. Dutsen yana nan, yashi ya ci rabinsa, teku yana wanke hoton safe da yamma. Ba na tsayawa. Ina wucewa wajen Dotse, in taka reshe in kwantar da shi ta ɓangaren gurbin, in tura yashi da ƙafa. Bana ya miƙo taku biyu. Saura hamsin da takwas, kuma damina saura wata huɗu.